Shin Ya Dace a Kai Wasan Ƙarshe Garin Hunturi? Abin da Tarihin Kano Ya Nuna

A duk sa'ad da hukumomin wasanni suka zauna domin raba garuruwan da za a yi wata babbar gasa ta ƙwallon ƙafa, akwai wata tsohuwar gardama da takan taso, watau ko ya dace a kai muhimmin wasa, musamman wasan ƙarshe na cin kofi, zuwa garin da yanayinsa yake da tsanani. A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke sauka, sanyi ake nufi da wannan magana. Alal misali, Amurkawa sun daɗe suna bin wata ƙa'ida game da wasan ƙarshe na irin tasu tamaular, wadda ake runguma a ruga da ita: ko dai a yi shi a gari mai ɗumi, ko kuwa a filin da aka yi wa rufi. Sai ran 2 ga Fabrairu, 2014, bayan an sha muhawara, suka yi kasada suka kai shi wani buɗaɗɗen fili daf da birnin Niyok. Da ranar ta zo, ma'aunin zafi yana kan digiri 9 aka fara wasa, aka yi aka tashi lafiya. Dusar ƙanƙarar da ake ta tsoro kuwa ba ta sauko ba sai da gari ya waye.

Na kawo wannan misali ne domin digiri 9 ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa fita da asuba a Fagge cikin watan Janairu, a shekarar da ɗari ya yi tsanani. Mu ma muna da namu sanyin, kuma namu yana tafe da hazo da ƙura. Bayan shi kuma muna da zafin bazara, wanda ya fi shi muni. Abin sha'awa shi ne, a cikin shekara goma kacal Kano ta karɓi manyan gasanni uku, kowace kuwa a wani lokaci dabam na shekara: ta 1999 a tsakiyar bazara, ta 2000 a cikin hunturi, ta 2009 kuma da kaka. Kamar dai da gangan aka shirya gwaji domin masu nazari. A duka ukun ba a ba Kano wasan ƙarshe ba. Abin da nake so in nuna wa mai karatu a wannan maƙala shi ne, tambayar da aka saba yi, watau ko garin ya dace, ba ita ce ta kamata a yi ba. Gari bai cika zama matsala ba. Wata da sa'ar da aka zaɓa su ne matsala, kuma waɗanda ke zaɓensu ba safai suke duba lafiyar ɗan wasa ko jin daɗin ɗan kallo na nan gida ba.

Tamaula tsakanin Fagge da Sabon Gari

Kafin mu kai ga waɗannan gasanni, ya kamata mu san ƙasar da aka shuka abin. Fagge tsohon zango ne a bayan ganuwa, wanda tarihi ya danganta kafuwarsa da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A nan ayarin Buzaye da sauran fatake kan sauke kaya. Sabon Gari kuwa ɗan jiya ne idan aka gwada shi da Fagge, domin sai bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911 ne Turawan mulkin mallaka suka yanka shi, wajen 1913, saboda ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni da 'yan kasuwa da suka zo daga kudancin ƙasar nan da Gwalkwas da Saliyo. Ta hannun irin waɗannan mutane, da sojoji, da makarantun boko, tamaula ta shigo Kano. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da tsohon filin wasa na gari ya kasance a Sabon Gari, kuma yaran Fagge, da yake su ne maƙwabta na kurkusa, suna cikin Hausawan farko da suka kamu da son abin.

A 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna, wadda daga baya ta zama gasar Kofin Ƙalubale. Shekara takwas na farko ƙungiyoyin Ikko ne kaɗai ke ɗaukar kofin, irin su 'yan Marin da 'yan Reluwe. Sai a 1953 'yan wasan Kano suka doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1, kofin ya bar Ikko a karo na farko. Wanda ya san tarihin siyasarmu zai tuna cewa a watan Mayun wannan shekara ce aka yi kwana huɗu ana ɗauki-ba-daɗi tsakanin mutanen Birni da Fagge da na Sabon Gari, sakamakon zuwan tawagar Cif Akintola, har rayuka fiye da talatin suka salwanta. A shekarar da gari ya rabu biyu, a shekarar ce kuma sunan Kano ya hau kan kofin ƙasa baki ɗaya.

Amma abin da ya shafi maganarmu a nan shi ne wurin da aka yi wasan. A Ikko aka yi shi, kamar yadda aka ci gaba da yi shekara da shekaru. Ɗan wasan da ya saba da busasshiyar iskar Kano sai ya yi tafiyar da ta haura kilomita dubu, ya sauka a bakin teku inda iska take jiƙe da raɓa, gumi ya yi ta zuba amma ba ya bushewa, numfashi ya yi nauyi. Ban taɓa jin wanda ya tsaya ya yi tambaya ko yanayin Ikko ya dace da wasan ƙarshe ba. Ikko ce hedkwata, a nan masu yanke shawara suke, yanayin garinsu kuwa shi ne ma'aunin da ake gwada na kowa da shi. Haka Raccah Rovers, ƙungiyar da ta gaji sunan da Kanawa suka sani tun zamanin cinikin gyaɗa, ta yi ta zirga-zirga kudu da arewa har ta zama zakarar ƙasa a 1978. Haka kuma Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta taso ta tarar.

Sau biyu ana ƙwacewa

Gasar matasa ta duniya, ta 'yan ƙasa da shekara 20, sau biyu ana ba Nijeriya ana ƙwacewa kafin ta samu. Ta 1991 an ɗauke ta aka kai Fotugal saboda hukumar FIFA ta kama mu da laifin sauya shekarun haihuwar wasu 'yan wasa. Wannan ba ruwan yanayi. Ta 1995 kuwa an ɗauke ta ne ana saura 'yan makonni a fara, bisa hujjar cewa akwai annobar sanƙarau da kwalara, aka kai ta Katar. To, Katar dai ba ƙasar sanyi ba ce, kuma a watan Afrilu aka yi gasar a can. Ke nan ba zafin rana ne ya dami hukumar ba a wancan lokaci.

Mutane da yawa a nan sun ɗauki matakin a matsayin siyasa tsantsa, ganin yadda dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnatin Janar Sani Abacha da ƙasashen Yamma. Ba na musun cewa akwai siyasa a ciki. Mu ma ai mun yi irin tamu a Janairun 1996, sa'ad da gwamnati ta hana Super Eagles zuwa Afirka ta Kudu kare kofin Afirka, aka fake da batun tsaro, alhali kowa ya san saɓanin da aka samu da Shugaba Mandela ne kan rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa. Amma adalci ya sa in ce maganar sanƙarau ba ƙage ba ce, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da ta taɓa haɗa yanayin Kano da batun karɓar baƙi. Sanƙarau cutar rani ce. Busasshiyar iska da ƙura sukan raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sanyi ya sa mutane su cunkushe cikin ɗaki a rufe taga, daga nan cutar ta yi ta yaɗuwa, ta yi ƙamari a Maris da Afrilu, ba ta lafawa sai ruwan sama ya sauka. Shekara guda bayan ƙwace gasar, watau a 1996, aka yi annobar da ta kashe mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan, kuma duk wanda ya bi ta Titin Faransa a wannan shekara ya ga yadda Asibitin Zana ya cika ya batse. Da a ce gasar ta faɗo cikin wannan annoba, da ba mu da bakin magana. Tun daga 2011 da aka fara sabuwar allurar rigakafi a Nijeriya, nau'in cutar da ya yi wannan ɓarna ya ragu ƙwarai, ko da yake wani nau'in ya ɓulla a Zamfara da Sakkwato a 2017. Abin lura dai shi ne watannin da hatsarin ya fi yawa, Maris da Afrilu. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa.

Afrilun 1999

Da aka tashi ba mu gasar a karo na uku, sai aka sa ta daga 3 zuwa 24 ga Afrilu, 1999, kwana kaɗan bayan Babbar Salla. Ƙasashe 24, garuruwa takwas: Ikko, Badun, Inugu, Fatakwal da Kalaba a kudu, Kaduna, Kano da Bauchi a arewa. A ganina, wannan rabo na biyar da uku shi ya yanke hukunci. Idan aka kai Yuni ko Yuli, ruwa zai hana ruwa gudu a garuruwan kudu, kuma ga shi ran 29 ga Mayu sojoji za su miƙa mulki ga farar hula. Sai aka zaɓi Afrilu, watan da babu wanda ya kai shi zafi a Kano, lokacin da ma'auni kan kai digiri 40 da rana tsaka, kwalta ta yi laushi, kare ma ya nemi ƙarƙashin mota.

Filin da aka yi wasannin shi ne na Ƙofar Mata, wanda aka sa wa sunan Janar Abacha, da yake ya rasu a Yunin 1998. Daga Fagge tafiyar ƙafa ce, ba sai an hau komai ba. Ina cikin samarin da suka riƙa yin wannan tattaki, kuma abin da na fi riƙewa ba wasan ba ne, a'a, yadda gari ya yi wa baƙi hidima ne ba tare da an sa shi ba. 'Yan canji na Wapa suka sami kasuwa, otal-otal na Sabon Gari suka cika, masu ƙanƙara da zoɓo da ruwan leda suka yi cinikin da ba su taɓa yi ba. Wasu wasannin da la'asar ake yin su, wasu bayan magariba, kuma bambancin da ke tsakanin biyun kamar na gari biyu ne. Da la'asar sumuntin da ake zama a kai yakan yi zafin da sai mutum ya nemi kwali ya shimfiɗa.

Rukunin da aka turo Kano da Bauchi ya ƙunshi Kamaru, Ingila, Jafan da Amurka. Ingila ta sha kashi a wasanninta uku, ba ta jefa ko ƙwallo ɗaya a raga ba, kuma har yau akan sami mai kafa hujja da wannan wajen cewa Bature ba zai iya wasa a zafin Kano ba. Wannan hujja ba ta da ƙafa. Afrilu shi ne lokacin da kakar wasannin Ingila ke zuwa ƙarshe, manyan ƙungiyoyi suka ƙi sakin gwanayen matasansu, aka zo da waɗanda aka samu, ko da yake a cikinsu akwai Ashley Cole da Peter Crouch da suka yi suna daga baya. Watau watan Afrilu ya cuci Ingila ta fuska biyu, kuma fuskar da ta fi yi mata illa ba ta da alaƙa da rana. Jafan kuwa, wadda ita ma daga sanyin ƙasarta ta taso, a ƙarƙashin Philippe Troussier wanda ya taɓa horar da Super Eagles, ta fara da shan kashi 2 da 1 a hannun Kamaru a nan Kano, amma ta farfaɗo ta yi ta tafiya har wasan ƙarshe a Ikko, inda Sifen, da su Xavi, ta ci ta 4 da nema.

Wasan da ya fi tsayawa a ran Kanawa shi ne na zagaye na biyu, tsakanin Nijeriya da Ailan. Ga yara daga tsibirin da rana ba ta cika fitowa ba, ga masu masauki a gaban jama'arsu, ga zafin bazara. Duk da haka 'yan Ailan ne suka fara ci, Flying Eagles suka rama, aka tashi 1 da 1, har ƙarin lokaci ba a rabu ba, sai da bugun daga-kai-sai-gola Nijeriya ta tsallake. A wasa na gaba kuma Mali ta fitar da mu a Inugu da ci 3 da 1.

To, me wannan ya nuna? Ya nuna zafin bai zaɓi wanda zai ci ba. Amma kada a ɗauka ina cewa daidai aka yi. An tsallake rijiya da baya ne kurum. Masana lafiyar 'yan wasa sun nuna cewa ba lambar da ma'aunin zafi ya nuna kaɗai ake dubawa ba, sai an haɗa da yawan raɓar da ke cikin iska, da ƙarfin hasken rana, da kaɗawar iska. A Kano gumi yana bushewa nan da nan, saboda haka jiki yana samun sanyaya, kuma ta wannan fuska digiri 38 na Kano zai iya fin digiri 33 na Fatakwal sauƙi. Sai dai a nan ne kuma tarkon yake, domin ɗan wasa ba ya ganin gumin da yake zubarwa, ruwan jikinsa yana ƙarewa bai ankara ba. Daga baya hukumar FIFA ta riƙa ba da hutun shan ruwa idan wancan haɗaɗɗen ma'auni ya kai digiri 32, kuma a gasar kofin duniya sai a 2014, a wasan Holan da Meziko a Birazil, aka fara aiki da shi. A 1999 babu wannan doka.

Janairun 2000

Wata tara kacal bayan haka sai ga wata gasar, wadda ta fi ta farko girma a idonmu. An ƙwace kofin ƙasashen Afirka daga hannun Zimbabuwe saboda rashin shiri, aka ba Gana da Nijeriya su yi tarayya. Garuruwa huɗu aka zaɓa: Ankara da Kumasi, Ikko da Kano. An fara ran 22 ga Janairu, aka gama ran 13 ga Fabrairu, 2000, watau cikin hunturi sosai, makonni biyu bayan Ƙaramar Salla. Wannan ita ce gasar da ta amsa ainihin tambayar da muka fara da ita, domin a nan ne aka kai manyan 'yan wasa garin sanyi a lokacin sanyinsa.

Masar, mai riƙe da kofin tun 1998, ita da Senegal da Zambiya da Burkina Faso aka turo mana. Masar ta ci wasanninta uku na rukuni, da Hossam Hassan a gaba. Ran 7 ga Fabrairu kuma, a nan Ƙofar Mata, Tunisiya ta tuɓe mata rawani da ci ɗaya mai ban haushi, na fanareti. Senegal da ta fito daga rukunin Kano ta je Ikko ta kusa fitar da Nijeriya, ba don Julius Aghahowa ya shigo ya ci biyu ba, kuma bayan shekara biyu ta doke Faransa a wasan buɗe gasar kofin duniya. Ke nan ba ƙananan wasanni aka kawo mana ba.

Wanda ya kalli gasannin biyu a fili ɗaya ba ya bukatar malamin kimiyya ya gaya masa wace ce ta fi. A Janairu rana takan tsaya wajen digiri 30, da yamma ta yi sanyi, da dare ta sauka zuwa 13 ko ƙasa da haka. 'Yan kallo ne ke shan ɗari, su zo da rigar sanyi da mayafi, wasu har da hular sanyi a ƙarƙashin ta gargajiya, masu shayi da masu tsire su maye gurbin masu ƙanƙara. Amma ga wanda zai yi minti casa'in yana gudu, babu yanayin da ya fi wannan daɗi a duk faɗin Nijeriya. Abin da Bakano ke kira sanyi mai tsanani, shi ne abin da ɗan wasan Turai ke kira ranar wasa mai kyau. A nan nake ganin masu cewa hunturi ya hana a kawo wasan ƙarshe Kano sun kifar da maganar ne.

Duk da haka hunturi yana da nasa laifin, kuma ba sanyin ba ne, hazon ne. Ƙurar nan da muke shara a tsakar gida kullum safiya, akasarinta daga wani kwari take tasowa a arewacin Cadi, Bodele, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta kawo mana cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ta yi kauri, mutum ba ya hangen abin da ke nesa da shi da kilomita guda, jiragen sama su kasa sauka a filin Malam Aminu Kano, wani lokaci har kwana biyu ko uku. Mai ciwon asma yana wahala, leɓe ya tsage, mura ta kama baƙo. Wasan rukuni ana iya ɗaga shi da yini guda ba a yi asara mai yawa ba. Wasan ƙarshe kuwa, wanda shugabannin ƙasashe da 'yan jarida da dubban magoya baya za su taso dominsa a rana ɗaya, ba a ɗaga shi cikin sauƙi. Wannan hujja ce ta gaskiya, kuma duk mai son Kano ya kamata ya fuskance ta maimakon ya yi fushi da mai kawo ta. Sai dai a tuna, ba kullum ake hazo mai kauri ba, yakan zo ne ya yi 'yan kwanaki ya wuce, kuma a yau masu hasashen yanayi suna ganin tasowar ƙurar ta tauraron ɗan'adam tun kafin ta iso.

Wasan ƙarshe na 2000 a Surulere aka yi shi, cikin gumin Ikko. Kamaru da Nijeriya suka tashi 2 da 2, aka je fanareti, ƙwallon Victor Ikpeba ya daki ƙarfe ya faɗa bayan layi, alƙalin wasa ya ce bai shiga ba. Babu hazo ko kaɗan a ranar, amma ba a gani ba.

Gasa ta uku ba sai na daɗe a kanta ba. Ita ce ta 'yan ƙasa da shekara 17, daga 24 ga Oktoba zuwa 15 ga Nuwamba, 2009. Damina ta ɗauke, hazo bai kankama ba, dare yana da daɗi. Ta fuskar yanayi ba a taɓa dacewa kamar wannan karo ba. Amma abin da duniya ta ji game da Kano shi ne fitilun fili sun ɗauke ana tsakiyar wasan Sifen da Amurka, aka tsaya jiran wuta. Wasan ƙarshe kuma a Abuja aka yi, Suwizalan ta ci Nijeriya 1 da nema.

Inda gizo ke saƙa

Wannan ɗaukewar fitila ta fi duk wani bayani nuna inda matsalar take. Idan za a faɗi gaskiya, ko da Kano tana da yanayin da ya fi na ko'ina kyau, da wuya a ba ta wasan ƙarshe na babbar gasa da filin da take da shi. Filin Abuja da aka buɗe a 2003 yana ɗaukar mutum 60,000, na Ƙofar Mata bai kai rabin haka ba, na Sabon Gari kuwa ba a ma maganarsa, gidaje da shaguna sun kewaye shi ba wurin faɗaɗawa. Garin da ya tara miliyoyin mutane, wanda ƙungiyarsa ta zama zakarar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kuma fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009, bai kamata a ce wannan ne iyakar filinsa ba. Sa'an nan ga halin wasu daga cikin 'yan kallonmu. A 2022 an ci tarar Pillars, an rage mata maki, an kore ta daga gida saboda tarzomar da aka yi a wasanta da Katsina United, kuma a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na ƙasa. Babu mai shirya gasar da zai manta da irin wannan. Kofin da Kano ta ci a 1953 sai bayan shekara 66 ta sake ɗaukarsa, a 2019, a Kaduna, bayan ta yi sakaci da shi a Asaba a 2018, inda tana gaba da ci 3 da nema Rangers ta Inugu ta rama duka ta kuma ci a fanareti. Asaba da Kaduna sun nuna cewa wasan ƙarshe na gida ya daina zama gadon Ikko. Abin da ya rage shi ne gari ya cancanta.

Duniya ma ta riga ta amince cewa lokaci ake sauyawa, ba gari ba. Katar, wadda zafinta na Yuni ya fi na Kano, an ba ta kofin duniya na 2022, aka mai da gasar Nuwamba da Disamba, ƙungiyoyin Turai suna kuka suna bi. Kofin Afirka na 2023 a Kodebuwa an ɗaga shi daga Yuni zuwa Janairun 2024 saboda ruwan sama. A 2007 hukumar FIFA ta hana manyan wasanni a garuruwan da ke kan tsaunuka masu tsawon gaske, irin su La Faz ta Bolibiya, mutanen ƙasar da shugabansu Evo Morales suka yi tsaye, a 2008 aka janye dokar. Kowane gari da irin nasa, kuma wanda ya zo baƙunci ba ya zaɓar iskar da zai shaƙa.

Saboda haka idan aka tambaye ni ko ya dace a kawo wasan ƙarshe Kano, sai in ce ƙwarai kuwa, amma da sharaɗi. A kawo shi tsakanin tsakiyar Nuwamba da farkon Disamba, ko kuwa cikin Janairu idan an yarda baƙi su iso da kwana uku saboda hazo, kuma a fara shi bayan magariba, a ƙarƙashin fitilun da ke da injin ko-ta-kwana. Batun sa'a shi ne wanda na fi jin tsoro, domin ba a hannunmu yake ba. A gasar kofin duniya ta 1986 a Meziko an riƙa fara wasanni da ƙarfe 12 na rana, har da wasan ƙarshe, don kawai masu kallon talabijin a Turai su gani da yamma, 'yan wasa suka yi ƙorafi ba a saurare su ba. Masu sayen izinin nuna wasa su ne ke biyan kuɗi mafi tsoka, kuma da agogonsu ake aiki. Idan har sharaɗin kawo mana wasan ƙarshe shi ne a buga shi da ƙarfe huɗu na yamma a watan Afrilu, a kan ciyawar roba da ta wuni tana shan rana, to, ni kam gara a bar shi a Abuja, mu hau mota mu je mu kalla.